Jakin Fatake da Hotunan Babana

A gidanmu na Gwammaja, idan sanyi ya shigo, ba a kashe wutar murhu bayan an sauke tuwo. Iya, mahaifiyar babana, ita ke da iko da garwashin da ya rage. Da an idar da sallar Magariba an ci abinci, sai ta sa a kwaso shi a wani tsohon kasko, a ajiye a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali huɗu ko biyar a cikin toka. Mu kuma mu zagaye ta, ni da ƙanwata Bilki da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya cusa gwiwoyinsa cikin riga. Dankalin nan ba ya fitowa sai tatsuniya ta ƙare, saboda haka ko mai gyangyaɗi dole ya daure.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Takan buga sandar tona wuta a gefen kasko sau biyu ta ce, "Baƙuwa ce a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta." Wanda ya yi rawar kai ya riga kowa amsawa, shi ke samun ƙaramin dankali, kuma yawanci ni ne.

Babana, Malam Lawan, takalma yake sayarwa a kasuwar Ƙofar Wambai, kuma yana cikin mutanen farko a layinmu da suka fara zuwa Caina sarin kaya. Shi ne ɗan farin Iya, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "mai tafiyar nan". In ya dawo daga tafiya ya durƙusa gaishe ta, sai ta kawar da kai ta tambaye shi ko an gyara indararon ɗakinta, kamar daga Sabon Gari ya dawo. Mu yara mun ɗauka ba ta damu da shi ba ne.

Cikin tsarabar Baba ba abin da ya kai mana hotuna uku da ya kawo, ɗaya bayan ɗaya, a shekaru uku daban. Na farko yana tsaye a kan Babbar Ganuwa, ta miƙe a bayansa tana hawa duwatsu tana sauka. Da shekara ta zagayo ya kawo na biyu, yana gaban wata jar fada mai rufi ruwan ɗorawa. Na uku shi ya fi tayar mana da hankali, domin a tsakiyar dusar ƙanƙara yake, sanye da ƙatuwar kwat mai gashi a wuya. A kowanne ya ɗora hannun dama a ƙirji yana murmushi. A saman hoton ganuwar, daga gefen hagu, akwai wani ɗan baƙi-baƙi da muka shekara muna musu a kansa, ni na ce tsuntsu ne, Bilki ta ce gajimare ne.

Kowane hoto da labarinsa yake zuwa. Baba ya ce akwai inda aka tono sojoji na yumɓu jere a ƙarƙashin ƙasa, kowanne da fuskarsa daban. Ya ce akwai wata dabba fara da baƙi mai suna panda, ƙatuwa, wadda ba ta da aiki sai zama tana cin gora. Ya ce can arewa akwai garin da ake gina gidaje da ƙanƙara a kunna fitilu a cikinsu. Baki buɗe muke sauraro. Na taɓa fasa wa wani yaro leɓe a makaranta don ya ce ba a gina gida da ƙanƙara, kuma da aka zane ni ban yi nadama ba, domin babana ya gani da idonsa.

A irin waɗannan kwanakin, in Baba ya dawo gidan ya cika da labarin Caina, Iya ta fi ba mu tatsuniyar jakin fatake. Mun ji ta har mun haddace.

Wai wani jaki ne da ya bi fatake zuwa wata babbar ƙasa can arewa, suna ɗauko gishiri. Kayan ya danne masa wuya, don haka tun daga fita har dawowa kansa na ƙasa. Abin da ya gani a duk tafiyar bai wuce ƙafafunsa biyu na gaba da wutsiyar jakin da ke gabansa ba. Da ya dawo, dabbobin gida suka taru suka ce ya ba su labarin ƙasar. Ya faɗi gaskiya, ya ce shi dai ya ga turɓaya da wutsiya. Akuya ta kece da dariya, 'ya'yansa kuma suka sunkuyar da kai don kunya.

A tafiya ta gaba sai ya gamu da shamuwa a bakin wata rijiya, ya roƙe ta ta faɗa masa abin da take gani daga sama. Ta ce akwai katangar da ke hawa duwatsu, akwai garin da ruwan sama ke sauka fari kamar auduga, akwai kogin da ke daskarewa har a taka shi da ƙafa. Jaki ya taho yana maimaitawa a ransa, taku bayan taku, don kada ya manta. Da ya iso ya ba da labari, 'ya'yansa suka riƙa yawo suna fankama. Haka aka yi ta yi har tafiya bakwai, sai wata damina ta kawo shamuwar nan kan bishiyar gidan. Akuya ta ɗaga kai ta ce, "Kin ga jakinmu a kan katangar?" Shamuwa ta ce, "Wa? Wannan? Ai ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga kai ba." Kafin azahar akuya ta kai maganar kowane garke a garin.

A nan muke fashewa da dariya, har Bilki takan kwaikwayi tafiyar jakin da rarrafe. Iya ba ta dariya. Sai ta jira mu lafa ta ce, "Da akuya ta gama yawo da bakinta, ina ta nufa?"

Mu ce, "Ta je lasar gishiri."

"Wa ya ɗauko gishirin?"

"Jaki."

Sai ta ce, "To." Ta tona toka ta ce, "Baƙuwa ta tafi, a sallami 'yan rakiya."

Mu dai abin da muka ɗauka shi ne ƙarya ba ta da kyau kuma asirin mai yin ta yana tonuwa. Duk yaron da ya shirga mana wata a unguwa, jakin Iya nake kiransa.

Ina aji biyar a sakandare Baba ya rasu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ranar sadakar uku na ɗauko hotunan nan na ɗauke su a wayata, na yi wa kaina alkawarin sai na tsaya a duk inda ya tsaya. Wannan alkawari shi ya sa na nace har na samu gurbin karatun injiniya a wata jami'a a Guangzhou. Ranar da zan tafi na durƙusa gaban Iya, lokacin idonta ya fara dishi-dishi, na ce zan kawo mata hotona a daidai inda Baba ya tsaya. Sai ta ce, "Maigida, in ka je, ka riƙa ɗaga kai." Na ce tsohuwar nan tana tsoron in faɗa rami ne ta rasa miji. Ta kai min duka da mafici.

Na sauka a Guangzhou sanye da kwat ɗin da na saya a gwanjo, zafi ya mare ni tun daga ƙofar filin jirgi. Zafi ne mai laima, wanda zufa ba ta bushewa. Na tambayi wani ɗalibi ɗan Katsina yaushe ƙanƙarar take sauka, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce nan kudu ne, ƙanƙara da ganuwa suna can arewa, tafiya ce mai nisan gaske a jirgin ƙasa. Na yi mamaki, amma ban kawo komai a raina ba. Na ce ashe Baba ya sha hanya.

Bayan na zauna da wata guda na je ginin Tianxiu a unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka ke da shaguna da ofisoshi, na nemi Alhaji Sabo. Shi ejan ne mai tura wa 'yan kasuwa kaya gida, kuma aminin Baba ne tun suna samari. Ya rungume ni, ya sa aka kawo min shayi, ya yi ta yi wa Baba addu'a. Sai na ciro waya na nuna masa hotunan, na ce, "Baba Sabo, ta wace ƙofa kuka hau ganuwar? So nake in tsaya daidai wurin."

Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Lawan ne ya ce muku ya je?"

Na ce, "Ga shi kuwa a hoto."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa ya ce, "Taso mu je, ɗana."

Muka sauko muka tsallaka titi, muka shiga wani lungu mai ƙamshin gasasshen nama, ya tsaya a ƙofar wani ɗan shagon hoto. Wani tsoho Basine yana zaune yana shan shayi. Alhaji ya ce masa, "Nihao, loban," wato sannu maigida, ya nuna masa wayata. Tsohon ya kaɗa hannu yana cewa, "Meyo, meyo," wai babu, yanzu duk da kwamfuta ake yi. Alhaji ya matsa masa. Sai ya tashi yana gunaguni ya shiga ciki, ya jawo wasu naɗaɗɗun ƙyallaye guda uku masu ƙura, ya rataye ɗaya a jikin ƙusa ya sake shi.

Ganuwa ta sauko a gabana, da duwatsunta da komai. A sama daga hagu ga tsuntsuna, ga gajimaren Bilki. Shatin ruwa ne da ya taɓa ɗiga daga rufi ya bushe a jikin ƙyallen.

Ban san lokacin da na zauna a kan kujerar tsohon ba. Ya saki na biyu, ga jar fada. Ya saki na uku, ga ƙanƙara, har da wani ɗinki a ƙasa inda ta taɓa yagewa. Na ji Alhaji yana tambayar kwat mai gashi a wuya, tsohon ya ce ita kam asu ya cinye ta tuntuni. Abin da ya fara faɗo min a rai shi ne leɓen yaron nan da na fasa.

Da muka fito na ce, "Wato duk ƙarya Baba ya yi mana?"

Alhaji ya juyo da ido ja ya ce, "Kul. Kada in ƙara jin wannan a bakinka. Ba ka gama gani ba."

Ya tare mota ya kai ni Zhanxi Lu, kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ake sarin takalma. Gine-gine ne hawa bisa hawa, shago na jingine da shago, ba taga, ba ka sanin rana ta fito ko ta faɗi. Ko'ina ƙarar salatif ake ji ana ɗaure kwalaye. Ya ce, "Ga Cainar ubanka. Shekara tara yana zuwa, nan ce iyakarsa. Bizar kwana kaɗan ake ba shi. Tun safe yana hawa yana sauka, yana ciniki da kalkuleta don ba ya jin yarensu. In kaya sun iso sai ya buɗe kowane kwali ya duba ƙafa-ƙafa, don an taɓa cika masa kwali da ƙafar hagu zalla. Daga nan sai sito, ya tsaya a loda kwantena, ba ya motsawa sai ya ga ta kama hanyar tashar ruwa ta Nansha. Ranar da ta tafi, washegari bizarsa ke ƙarewa. A ina zai ga ganuwa?"

Na ce, "To sojojin yumɓun fa? Da gidajen ƙanƙarar?"

Ya ce, "Wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ke yi mana tafinta, shi ya zaga arewa. Lawan yakan saya masa shayi ya yi ta masa tambaya, yana rubutawa da ajami a bayan takardar kaya. Ka san me ya jawo? Tafiyarsa ta farko da ya koma, kai da bakinka ka tambaye shi me ya gani a Caina. Ya ce maka takalma. Wai sai ka taɓe baki ka tashi ka bar wurin. Da ya dawo ya ce min, Sabo, ba zan ƙara komawa gaban yaron nan hannu rabbana ba. Rana ɗaya ya ɗauki ukun nan, ya riƙa kai muku ɗai-ɗai."

Ban tuna na taɓe wa Baba baki ba. Shekarata ba ta fi shida ba a lokacin. Amma na tsaya a tsakiyar kwalayen nan na yi kuka, masu tura kaya suna kauce min.

Mako biyu ban kira gida ba. Damuwata Iya ce. Tana can tana jiran hoton jikanta a inda ɗanta ya tsaya, ni kuma ban san ko in tona asirin mamaci a gaban uwarsa ba, ko in ɗora tawa ƙaryar a kan tasa. Daga ƙarshe na yanke shawarar zan rufe. Wata Juma'a da yamma na kira wayar Bilki, ta kai mata.

Bayan gaisuwa ta ce, "Maigida, ka je inda wancan ya tsaya?"

Na ce, "Na je, Iya."

Ta ce, "Ashe labulen yana nan har yanzu."

Na ce, "Iya, kin sani? Wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Wa zai faɗa min? Ni da aka ɗauke ni hoto a gaban Ka'aba ta ƙyalle a Fagge tun ban san hanyar Makka ba? Ka duba hannunsa."

Na buɗe hotunan na ƙara girmansu. A ɗan yatsansa manuni na hannun dama, wanda ya ɗora a ƙirji, akwai filasta. Tana kan ganuwa, tana gaban fada, tana cikin ƙanƙara. Shekara goma sha wani abu ina kallon hotunan nan, duwatsu da rufin fada nake kallo. Ita hannun ɗanta ta kalla.

Ta ce, "Wace irin yanka ce ke shekara uku ba ta warke ba?"

Na ce, "To me ya hana ki faɗa mana?"

Ta ce, "In faɗa in zama akuya?" Sannan ta ce, "Na san wata rana za ku gane. Ɗan fari ne, ba ni da bakin yabonsa a gabanku, ba ni da bakin kare shi. Jakin nan kaɗai gare ni. Na riƙa ba ku shi tun da wuri, don ranar da kuka gane ku tuna wa ya ɗauko gishirin."

Da aka ba mu hutun sanyi na shiga jirgin ƙasa na nufi arewa ni kaɗai. Ban bar taga ba. Na ga gonakin shinkafa sun ƙare, bishiyoyi sun tuɓe ganye, sannan ƙasa ta fara yin fari. Ranar da na hau ganuwar, sanyin ya shiga har cikin haƙorana, kwat ɗin gwanjo kuwa ko kaɗan ba ta hana ba. Ba ta yi kama da ƙyallen ba. Matakalanta wasu gajeru ne wasu har gwiwa, duwatsun sun lotsa saboda taku, kuma duk inda na ɗauka ƙarshenta ne sai in ga ta ɓullo a kan wani dutsen. Na tsaya ina haki, ina mamakin mutanen da suka ɗauko duwatsun nan a bayansu suka hawo da su. Su ma ban jin sun samu sararin ɗaga kai.

Na jira har gari ya waye a Kano na kira. Iya ta ce kada in wahalar da kaina da hoto, idon ya tafi, in faɗa mata da baki. Na faɗa mata komai, har da yadda ƙanƙarar ke ƙara a ƙarƙashin takalmi da yadda numfashi ke fita kamar hayaƙin murhu.

Ta ce, "Ka ɗaga kai?"

Na ce, "Na ɗaga, Iya."

Ta ce, "Wannan naka ne. Yanzu ka sake dubawa daga farko, a hankali. Ka gane wa Lawan da idonka."

Na ji Bilki daga gefe ta yi salati. Tun da aka haife mu, ranar ce kaɗai sunan ya fito daga bakinta. Na juya na sake duba duwatsun tun daga gabas har yamma, ban yi sauri ba, hawaye na sanyi a fuskata.

Yanzu a Guangzhou nake aiki. Na je na ga sojojin yumɓun, na ga pandar tana cin gora, na shiga gidajen ƙanƙara masu fitilu, kuma ban samu inda Baba ya ƙara ko ya rage ba. Ya haddace da kyau. In sababbin 'yan kasuwa sun zo daga gida sun tambaye ni abin kallo a ƙasar nan, nakan lissafa musu duka, in roƙe su su saci ko kwana biyu ne. Yawancinsu sukan ce sai tafiya ta gaba, su koma kan kwalayensu, ni kuma ba na musu dariya. Shekaru na yi ina ɗaukan tatsuniyar Iya a matsayin gargaɗi ga maƙaryaci, ashe da mu masu dariya take.

Alkawarin da na ɗauka kuwa ban cika shi a kan ganuwa ba, don Baba bai tsaya a can ba. Da na dawo daga arewa na koma lungun nan na Xiaobei, na roƙi tsohon ya sake rataye min ƙyallen. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, amma ya rataye. Na tsaya a gabansa na ɗora hannun dama a ƙirji. Hotunan ganuwar gaskiya suna cikin waya, ban cika buɗe su ba. Wannan shi na wanke na manna a bangon ɗakina kusa da na Baba, shatin ruwan nan yana saman kawunanmu mu biyu.